Hukuncin rataya a kotun Maitama: me kuka gani?

Baban Khalifa (Kubwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Wanda bai ji ba ya ji. Yau Litinin 27 ga Janairu 2020 Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Maitama ta samu Maryam Sanda da laifin kashe mijinta Bilyaminu Bello, kuma Mai Shari'a Yusuf Halilu ya yanke mata hukuncin kisa ta hanyar rataya. Tun Nuwamban 2017 ake wannan magana. Ni dai wallahi na ɗauka shari'ar za ta bi ruwa kamar yadda muka saba gani in abu ya shafi gidajen manya. Ashe da sauran alƙalai a ƙasar nan.

Ɗan Zuba: Alhamdulillahi. Rai bakin rai. Da 'yar mai sayar da ƙosai ce a Mararaba, da tuni an manta da ita a gidan yari ba tare da ko alƙali ya ga fuskarta ba.

Maman Ilham (Gwarinpa): Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni tun da na ga labarin jikina ya yi sanyi, na kasa ƙarasa girki. An ce da aka karanta hukuncin fita ta yi da gudu daga akwatin masu laifi tana kururuwa, sai da aka riƙo ta. Ba ina cewa ba ta yi laifi ba, kotu ta riga ta yi magana. Amma Ɗan Zuba, wannan alhamdulillahin da ka yi da sauri haka, ka tuna akwai yara ƙanana a tsakani? Uba yana kabari, uwa an ce a rataye ta. Wa ya ci riba?

Ɗan Zuba: Hajiya, da girmanki, shi ma marigayin ɗan wasu ne. Iyayensa fa? Su ba su da hawaye?

Maman Ilham: Suna da shi, Allah ya ba su haƙuri. Ban ce kada a yi hukunci ba. Murnar ce ban gane ba.

Sarkin Samari: Maza dai daga yau kowa ya kwashe wuƙaƙen kicin ya kulle a bayan mota kafin ya kwanta, kuma a riƙa sa wa waya makulli biyu.

Shugaban zaure: Sarkin Samari, goge wannan. Mutuwa ake magana. Sannan duk wanda ya sake turo hoton gawar marigayin ko hoton yara zan cire shi daga zaure, ba sai na yi gargaɗi na biyu ba. Na goge guda biyu yanzu.

Baban Khalifa: Barista kana kusa? Akwai abin da ban gane ba. Na ji lauyoyinta sun dage cewa ba a yi wa gawar binciken likita na musamman ba kafin a binne, kuma babu wanda ya ga lokacin da aka caka masa wani abu. To ta yaya aka kai ga rataya?

Barista (Wuse): Ina nan Baban Khalifa, yanzu na shigo gida, cunkoson Berger ne ya riƙe ni. Bari in yi bayani a hankali don na ga ana ta haɗa abubuwa.

Tuhumar da aka yi mata a ƙarƙashin sashe na 221 na Final Kod take, dokar laifuka da ake amfani da ita a Arewa tun 1960, wadda Abuja ma take bi. Abu uku masu gabatar da ƙara za su tabbatar: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo mutuwar, kuma ya yi shi da niyyar kisa ko yana sane cewa mutuwa ce za ta iya biyo baya. Doka ba ta ce dole sai an samu wanda ya gani da idonsa ba. Ana tabbatar da laifi ta hanyar shaidar gani da ido, ko ikirarin mai laifi, ko kuma alamomin da suka kewaye lamarin in sun haɗu sun nuna mutum ɗaya ba tare da barin wata ƙofa ba. Da wannan ta ukun aka kama ta.

Akwai ƙa'idar da kotunanmu suka daɗe suna bi: wanda aka gani na ƙarshe tare da mamaci yana raye, shi ne zai yi bayanin yadda aka yi ya mutu. Ita ce ta ƙarshe tare da shi a gidan. Bayaninta shi ne sun yi faɗa, tukunyar shisha ta fashe, ya zame ya faɗa kan fasasshen gilashin. Alƙali bai gamsu ba. Sannan ga abokin marigayin da ya ba da shaida cewa yana gidan a daren, ya ga rigimar, kuma ya sha shiga tsakani yana karɓe makami daga hannunta kafin ya tafi. In ka ɗora wannan kan wancan, ka ga inda alƙali ya dosa.

Batun binciken gawa kuwa, ba kullum yake zama dole ba. In mutum ya mutu nan take ko jim kaɗan bayan rauni a fili, kotu tana iya gane sanadin mutuwa ba tare da shi ba. Amma tabbas nan ne lauyoyinta za su fi matsawa a gaba.

Maman Ilham: To Barista, alƙalin ba zai iya duba yaran ya ba ta ɗaurin rai da rai ba? Ai ana sassauci.

Barista: Hajiya, a nan ne mutane suke zaluntar alƙalai da baki. In an tabbatar da laifi a sashe na 221, hukunci ɗaya ne tak, kisa. Alƙali ba shi da zaɓi ko da zuciyarsa ta karye. Wurin da sassauci yake shi ne kafin a kai nan: in kotu ta yarda cewa tsokana ce mai tsanani ta bazata ta sa mutum ya fita hayyacinsa, ko faɗa ne ya kaure ba shiri, sai laifin ya sauka zuwa sashe na 222, hukuncinsa a sashe na 224, wanda ɗauri ne. Kun tuna lauyar nan ta Ibadan da ta daɓa wa mijinta wuƙa a 2016? Shekara 7 aka ba ta a 2017, domin kotu ta ɗauke shi kisan da ba na ganganci ba. Amma yana da wuya ka ce "ban taɓa shi ba, faɗuwa ya yi", sannan ka dawo ka ce "tsokanata ya yi". Da wanne kotu za ta ji?

Hajiya Babba (Garki): Ni abin da ya dame ni daban ne. Tun safe nake karanta abin da maza ke rubutawa a Facebook, kamar an ba su lasisin zagin mata gaba ɗaya. 'Yan boko ne, 'yan Abuja ne, ba tarbiyya, kishi ya haukata su. Yau mace ɗaya aka yanke wa hukunci, ba matan Arewa ba. Mata nawa mazajensu suka lakaɗa wa duka har lahira aka ce "ajali ne", aka yi sadakar uku aka watse? Wa ya kai su Maitama?

Baban Khalifa: Hajiya Babba, gaskiyarki a nan, amma kada mu mai da shi wasan maza da mata. In namiji ya kashe matarsa shi ma a rataye shi, ni zan fara cewa alhamdulillahi.

Hajiya Babba: Za ka ce, na yarda da kai. Sai dai shari'ar ba za ta kai inda za ka ce ɗin ba, nan gizo ke saƙar. Dangi za su taru a ce a rufa asiri saboda yara.

Anti Nas (Nyanya): Bari in sa baki, don ni abin da kuke faɗa a waya ni a hannuna yake ƙarewa. Ina aikin dare a wani asibiti, ba zan faɗi sunansa ba. Mace za ta zo ƙarfe biyun dare da mayafi ta rufe rabin fuska, leɓe a fashe, ido ya kumbura ya rufe, mijin yana tsaye a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota, ta ce maka a banɗaki ta zame. Kana wanke ciwon kana ganin shatin yatsu a wuyanta. Namiji ma yana zuwa, kada ku ɗauka ba sa zuwa. Na ɗinke wani magidanci a damtse, ya ce ƙarfen gado ne ya yanke shi, alhali yankan a miƙe yake sumul, ga shatin haƙora a kafaɗa. Shi kunya ba za ta bar shi ya ce matarsa ce ba, don abokansa za su mai da shi abin dariya a majalisa.

Abin da nake so ku lura da shi a shari'ar nan, ba a ɗaki rufe abin ya fara ba. An ga rigimar. An raba. An karɓe makami. Sannan aka bar su su biyu a gida ɗaya a daren. Ba laifin kowa nake gani ba, don haka dukkanmu muke yi: a ba da haƙuri, a ce shaiɗan ne, gobe za su shirya. Ni dai a wurina, duk faɗan da aka kai ga ɗaukar wuƙa ko kwalba, a daren nan ɗaya ya bar gidan. Ta tafi gidansu ko shi ya je ya kwana wurin ɗan'uwansa. Sulhu ya jira safiya.

Maman Ilham: Wallahi Anti kin faɗi abin da ke raina. Mu iyaye mata ma muna da namu. Yarinya ta yi yaji ta zo gida, ko ruwa ba ta sha ba an ce ta koma, "aure ɗan haƙuri ne". Ba a tambayi me ya koro ta ba.

Sarkin Samari: Na goge waccan, a yi haƙuri. Amma tambaya ta gaskiya: yaushe za a rataye ta? Wasu na cewa cikin wata ɗaya.

Barista: Ƙanena, masu cewa wata ɗaya ba su san kotu ba. Tana da kwana 90 ta ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan kuma akwai Kotun Ƙoli. Muddin ƙara tana gaban kotu ba a taɓa mutum. Tun 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin Oyo kaca-kaca saboda ta kashe wani fursuna alhali ƙararsa ba ta ƙare ba. Yanzu dai gidan yarin Suleja za a mai da ita.

Ko an gama duka, sai an sa hannu a takardar zartarwa. A jihohi gwamna ne, kuma yawancinsu gudun alƙalamin suke yi. Na baya-bayan nan da aka sani a Edo ne: mutum 4 a Benin a 2013 zamanin Oshiomhole, sai mutum 3 a Disamban 2016 zamanin Obaseki. Mutum sama da 2,000 ne ke zaune a gidajen yarin ƙasar nan da hukuncin kisa a kansu, wasu sun tsufa a ciki. Ita da yake a Abuja aka yi shari'arta, ikon afuwa yana hannun Shugaban Ƙasa ƙarƙashin sashe na 175 na tsarin mulki, kamar yadda gwamnoni ke da nasu a sashe na 212. Sannan sabuwar dokar gidajen gyaran hali da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ce in mutum ya ƙare duk matakan ɗaukaka ƙara, aka shekara 10 ba a zartar ba, Babban Joji yana iya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai.

Ɗan Zuba: Ka ji ba! Wato wasan kwaikwayo aka yi mana. Bayan an kwana biyu an manta, sai mu ji an yi afuwa ranar bikin 'yancin kai.

Baban Khalifa: Ɗan Zuba kada ka yi saurin yanke ƙauna. Ai gidan marigayin ma ba ƙananan mutane ba ne, ɗan gidan tsohon shugaban PDP Haliru Bello ne. Ba za su zuba ido ba.

Ɗan Zuba: To ai ka faɗi maganata da bakinka, Yaya. An yi shari'ar nan da gaske ne don ɓangarorin biyu duk masu ƙarfi ne. Da ɗan talaka aka kashe, da fayil ɗin ma ya ɓata.

Alhaji na Dei-Dei: Ni duk wannan dokar Bature ce. Da shari'ar Musulunci aka bi da tuni an gama, an yi ƙisasi kowa ya huta. Allah gafarta Malam, ko ba haka ba?

Malam Liman: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ba haka take kai tsaye ba. Na so in yi shiru, amma tunda ka kira ni.

Da farko, a Abuja kotunan shari'ar Musulunci ba sa sauraron laifin kisa. Aure, saki, gado, riƙon yara da makamantansu ne huruminsu. Don haka maganar da za mu yi ta ilimi ce kawai.

Ƙisasi gaskiya ne, yana cikin Baƙara aya ta 178. Amma ayar da ta wajabta shi ita ce kuma ta buɗe ƙofar yafiya. Jinin haƙƙin waliyyan mamaci ne, ba na gwamnati ba, ba kuma na 'yan Facebook ba. In sun so a kashe, in sun so su yafe, ko a daidaita kan diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. A mazhabarmu ta Malikiyya ko an yafe ba a sakin mai kisan ganganci haka nan, ana yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda. Haka yake a Risala. Inda babu yafiya shi ne kisan gilla, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba mai ceto a kashe shi.

Sannan tabbatar da kisa a shari'a ba wasa ba ne: ikirari, ko shaidu biyu adalai maza, ko kuma in akwai alama mai ƙarfi a koma ga ƙasama, dangin mamaci su yi rantsuwa 50. Ga kuma wata mas'ala da mutane ba su cika sani ba. Malamai da yawa na sauran mazhabobi sun tafi a kan cewa in mace ta kashe mijinta kuma suna da ɗa tsakaninsu, ƙisasi ya faɗi, domin ɗan yana cikin magada jinin, kuma ɗa ba ya neman a kashe mahaifiyarsa. Malikiyya sun fi ba dangin uba maza wannan haƙƙi, akwai tafsili a ciki. Abin da babu saɓani a kansa, wanda ya yi kisan ganganci ba ya gadon wanda ya kashe.

Saboda haka Alhaji, mai cewa da shari'a aka bi da tuni an gama, wataƙila da shari'ar ce ma za ta ba shi mamaki.

Alhaji na Dei-Dei: Allah ya ƙara sani Malam. Na karɓa. Amma ni da ɗana ne, ban yafewa.

Malam Liman: Haƙƙinka ne, babu mai zarginka. Abin da nake ja wa kunne shi ne masu tsine mata da masu yanke mata wuta. Wannan ba hurumin kowa ba ne. A yi wa mamaci addu'a, ita kuma a roƙa mata tuba.

Hajiya Babba: Malam, wannan mas'alar ta ɗa da uwa ta tsaya min a rai. Wato malaman da can sun yi tunanin yaran da Maman Ilham take magana a kai. Final Kod kuwa ko kallonsu bai yi ba.

Barista: Bai yi ba Hajiya, sai a wuri ɗaya: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce mace mai ciki in an yanke mata kisa, a dakata har ta haihu ta yaye. Bayan wannan babu. Kuma a tsarinmu ko dangin mamaci sun yafe, shari'ar ba tasu ba ce, ta hukuma ce. Yafiyarsu tana iya taimakawa ne kawai in an je neman afuwa.

Ɗan Zuba: Barista tunda kana nan bari in faɗi abin da ya sa nake zafi, kada a ce ƙiyayya ce. Ƙanena da muke uwa ɗaya uba ɗaya yana tsare shekaru ke nan. Faɗa aka yi a tasha, wani ya mutu, aka zo aka kwashi duk wanda aka samu a wurin, shi yana sayar da rake a baro. Har yau ba a fara sauraron shari'arsa ba. Kullum sai a ce ana jiran shawara daga ofishin lauyoyin gwamnati. Ina kai masa gari da ƙuli da sabulu, sai an caccaka garin da tsinke an sa na ɗanɗana kafin a karɓa. Mahaifiyarmu ta daina zuwa, don in ta gan shi ta bayan waya kwana take ba ta ci abinci ba. Ita wannan an ba ta beli, an yi shari'arta cikin shekara biyu da 'yan watanni, ga manyan lauyoyi, ga 'yan jarida. Ni ko hukuncin ne a yanke wa nawa mu san matsayinmu.

Maman Ilham: Subhanallahi. Ɗan Zuba ka yafe ni, ban san da wannan a ranka ba. Allah ya fito da shi.

Anti Nas: Amin. Kuma irinsa sun fi yawa a ciki, ba a jin labarinsu ne kawai.

Barista: Haka ne Anti, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifin komai ba tukuna. Ɗan Zuba, abin da aka yi wa ƙanenka sananne ne: a kai mutum kotun majistare da tuhumar kisa, alhali majistare ba shi da hurumin sauraronta, sai ya ba da umarnin tsarewa, fayil ya kwanta. Dokar 2015 ɗin nan ta taƙaita wannan, umarnin tsarewa na farko kwana 14 ne, in za a ƙara sai an kawo dalili, kuma ba a ƙarawa har abada. Ana iya zuwa Babbar Kotu a nemi belinsa ko a tilasta musu su gurfanar da shi ko su sake shi. Hukumar ba da tallafin lauya kyauta ta tarayya ma aikinta ke nan, kuma Babban Joji yakan zaga gidajen yari ya sallami irin waɗannan.

A wace kotu aka fara kai shi, ta Abuja ce ko ta jihar Neja? Don Zuba bakin iyaka ce, kuma dokar da za a bi ta danganta da wannan.

Ɗan Zuba: Ranka ya daɗe ta Abuja ce. Akwai wata takarda da ɗan sanda ya ba mu tun farko, tana wurin Inna cikin kwalla.

Barista: Kada ka turo ta nan zaure. Ka ɗauki hotonta gaba da baya ka turo min ta akwatina, da cikakken sunansa da ranar da aka kama shi in kun tuna. Laraba ina da shari'a a Gwagwalada, in na fito zan kira ka mu haɗu a Zuba.